Yaron Mishan na Jiya da na Yau

Har zuwa watan Fabrairun 2019, saurayin da cocin Mormon ya tura wa'azi ba ya jin muryar mahaifiyarsa sai sau biyu a shekara: ranar Kirsimeti da ranar da ake ware wa iyaye mata. Sauran watannin sai dai wasiƙa, ko imel guda a mako. Ko rasuwa aka yi a gidansu, yawanci ba ya komawa don jana'iza. Daga nesa yake karɓar gaisuwa, ya share hawaye, ya ci gaba da bin gidajen mutanen da bai taɓa gani ba. A yau ƙanensa da ke irin wannan aiki yana ganin fuskar iyayensa ta waya duk mako, yana kuma neman masu saurarensa a Facebook. Tsakanin wan da ƙanen bai fi 'yan shekaru ba, amma in suka zauna hira sai ka ce a zamani biyu suka yi aikin.

Mabiya wannan coci sun fi son a kira shi da cikakken sunansa, wato Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Joseph Smith ne ya kafa shi a jihar New York ta Amurka ranar 6 ga Afrilun 1830, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. Aƙidarsu ta saɓa da ta Musulmi, ta kuma saɓa da ta galibin Kiristoci, domin suna ɗaukar Smith annabi ne, suna kuma haɗa Littafin Mormon da Baibul. Muhawarar aƙida tana da nata zauren. Abin da ya ja hankalina shi ne yaran nan da ake gani bibbiyu a tituna, da farar riga da naktaye da baƙin bajo a ƙirji, da kuma yadda rayuwarsu ta yau da kullum ta sauya a kan idonmu.

Da farko ma aikin ba na yara ba ne. A shekarar da aka kafa cocin, Samuel Smith, ƙanen Joseph, ya cika jaka da littattafai ya bi ƙauyuka a ƙafa. A 1837 Heber C. Kimball da abokansa suka ƙetare teku zuwa Ingila, suka fara yi wa mutane baftisma a kogin Ribble da ke garin Preston. Yawancin masu fita a wancan ƙarni magidanta ne. Mutum ya bar mata da 'ya'ya da gona, ya kama hanya ba guzuri, inda dare ya yi masa nan zai nemi mai ba shi masauki da abin sawa a baki. Sai a 1898 aka fara tura 'yan mata marasa aure, Inez Knight da Jennie Brimhall, su ma zuwa Ingila. A hankali nauyin ya sauka daga kan magidanta ya koma kan samari. Zuwa 1974, lokacin da shugaban cocin Spencer W. Kimball ya ce ya kamata duk saurayin da ya cancanta ya fita, abin ya riga ya zama matakin girma. A garuruwan Utah, yaron da ya kai shekara 19 bai tafi ba, shi da iyayensa sai sun sha tambaya.

Tafiyar kan fara ne da cike takardu, da gwajin likita, da zama gaban shugabannin cocin unguwa su bincika halin yaro. Daga nan sai jira. Ɗaya daga cikin manyan dattawa 12 da suke kira manzanni ne ke zaɓa masa wurin da zai je, yaron ba shi da ta cewa. A da, amsar kan zo ne cikin babban farin ambulan ta gidan waya. Sai a tara dangi da maƙwabta a falo, kowa ya yi ta canki-canki, wannan ya ce Birazil, wancan ya ce Japan, sannan yaro ya buɗe ya karanta da ƙarfi, murya na rawa. Daga 2018 aka fara aiko da wasiƙar ta intanet. Taron falon bai mutu ba, ambulan ɗin ne kawai ya koma fuskar waya.

Ba a biyan ɗan mishan albashi. Shi da iyayensa ne ma ke biya, in sun gaza 'yan cocin unguwa su cika. Tun farkon shekarun 1990 aka daidaita kuɗin ga 'yan ƙasashe masu hali, don kada wanda aka tura Tokyo ya fi wanda aka tura ƙauyen Peru shan wahala. A Amurka an daɗe ana biyan dala 400 a wata. Yara da yawa tun suna firamare suke tara 'yan kuɗinsu saboda wannan rana. Kafin a shiga fage sai an bi ta cibiyar horo, wadda mafi girmanta ke garin Provo a Utah. Wanda zai yi wa'azi da harshensa kan yi mako biyu zuwa uku. Wanda zai koyi sabon harshe kuwa, mako shida zuwa tara ake ba shi, sannan a sauke shi a tsakiyar masu harshen, ya ƙarasa koyo da kunnensa da kunyar da zai sha.

Daga ranar da ya maƙala bajo, sunansa na yanka ya kwanta. Elda wane ake kiransa, da sunan danginsa, mace kuma Sista wance. Namiji wata 24 zai yi, mace wata 18. A tsohon jadawali babu wasa. Ƙarfe 6:30 na safe a tashi, a yi addu'a, a motsa jiki na rabin awa, a yi wanka a karya kumallo. Ƙarfe 8:00 kowa ya yi nazarin littattafai shi kaɗai, 9:00 su yi tare, 10:00 su fita. Ba dawowa sai 9:00 na dare, a tsara aikin gobe, 10:30 a kashe fitila. Rana ɗaya ce tasu a mako, galibi Litinin, ita ma zuwa 6:00 na yamma: a yi wanki da cefane da aski, a rubuta wa gida, a ɗan buga ƙwallo. Ba talabijin, ba sinima, ba waƙoƙin zamani, ba iyo a ruwa, ba zance, ba keɓewa da mace. Giya da taba da kofi da ganyen shayi kuwa dama haramun ne ga duk ɗan cocin. A da duk waɗannan ƙa'idoji suna cikin wani ɗan farin littafi da kowane ɗan mishan ke yawo da shi a aljihu.

Amma in ka bi labaran waɗanda suka yi aikin suka dawo, dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta abokin tafiya. Ba kai ka zaɓe shi ba, kuma dole ku kasance inda za ka gan shi ka ji muryarsa dare da rana, in ban da banɗaki. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, hanya ɗaya. Ana iya haɗa ɗan attajirin California da ɗan manomin Filifin, ko mai surutu da miskili, ko mai tsabta da ƙazami. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, to nan babu ƙofar fita in an saɓa. Shi ya sa a cikin tsarin mako aka ware lokacin da za su zauna su faɗa wa juna gaskiya, kowa ya ambaci abin da ya ji daɗi da abin da ya ƙona masa rai. Duk mako shida ake sauyin wurin aiki, sai kowa ya kasa kunne ya ji ko shi ne zai ɗaure kaya. Wani ya rabu da abokinsa da kuka, wani ya yi hamdala a zuci. Sabon zuwa kan kira wanda ya fara horar da shi babansa, har akan bi salsala a ce wane kakan wane ne a mishan.

Aikin kansa a da ƙwanƙwasa ƙofa ne. A ɗauki layi tun daga farkonsa, gida bayan gida, a kan keke ko a ƙafa, cikin rana ko dusar ƙanƙara. Mafi yawan ƙofofi ba sa buɗewa, waɗanda suka buɗe kuma da yawa rufewa suke yi kafin a gama gaisuwa. Ga karnuka, ga zagi, ga masu tsokana da tambayar mata nawa babanka ya aura, alhali cocin ya sanar da daina auren mace fiye da ɗaya tun 1890. Mitt Romney, wanda ya yi wa jam'iyyar Republican takarar shugabancin Amurka a 2012, ya yi nasa a Faransa daga 1966 zuwa 1968, yana kiran mutanen da ke alfahari da giyar inabinsu zuwa addinin da ya haramta ta. In an yi sa'a an ce su shigo, darasin ma haddace shi aka yi. Tun 1961 cocin ya fitar da darussa iri ɗaya ga kowa, yaro ya zuba su kamar yadda aka rubuta. Ƙarshen mako kuma a kai lissafi sama: mutum nawa aka koyar, nawa suka zo coci, nawa suka karɓi baftisma.

Duk wanda ya dubi wannan tsari da kyau zai ga a kan abu ɗaya aka gina shi, wato raba yaro da duk abin da ya saba da shi. A cire shi daga gida, a karɓe sunansa da tufafinsa da abokansa da waƙoƙinsa, a bar shi da littafi da abokin tafiya da addu'a. Alƙaluman cocin da kansu suna nuna wanda aka fi yi wa aikin. A watan Oktoban 2012 shugaba Thomas S. Monson ya rage shekarun fita, maza daga 19 zuwa 18, mata daga 21 zuwa 19. 'Yan mishan suka tashi daga kimanin 58,000 suka haura 80,000 kafin ƙarshen 2013. Sababbin mabiya kuwa daga kusan 272,000 a 2012 suka koma kusan 283,000 kawai a 2013. Raba wannan adadi da wancan, za ka ga kowane ɗan mishan bai fi mutum uku zuwa huɗu yake samu a shekara ba, a wasu ƙasashen Turai ma wani kan gama wa'adinsa bai samu ko ɗaya ba. Da lissafin riba ake yi da an daina tuni. A ganina, babban wanda ake son tabbatarwa a cikin addinin shi ne yaron da aka tura. Wanda ya shafe shekara biyu yana kare abu a gaban masu ƙi, da wuya ya sake shi cikin sauƙi, kuma daga cikin irinsu cocin ke samun shugabanninsa na gobe.

Sai dai in kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya. A 2004 aka ajiye haddar darussa, aka kawo sabon littafin jagora da ke neman yaro ya fahimci abin da yake koyarwa ya faɗe shi da bakinsa. A 2013 shugabanni suka yarda cewa mutane sun rage buɗe wa baƙo ƙofa, suka ba da izinin aiki da intanet da shafukan sada zumunta. Aka fara da ƙananan kwamfutocin hannu, aka koma wayoyin zamani masu takunkumi. A 2017 aka sassauta jadawali, aka bar kowane yanki ya daidaita lokacin tashi da kwanciya da yanayin ƙasarsa. 'Yan mata da a da sai siket ko doguwar riga ko a kan keke, an fara barinsu sa wando a 2016 a wuraren da sauro ke yaɗa cututtuka irin su Zika, aka faɗaɗa izinin ga kowa a ƙarshen 2018. A 2019 ɗan farin littafin nan ya ba da wuri ga wani sabo da ya fi jingina ga hankalin yaro, a shekarar ce kuma aka buɗe layin waya zuwa gida. A 2020 aka yarda samari a wasu wurare su sa shuɗiyar riga ko su ajiye naktaye. Da annobar korona ta zo a wannan shekara, aka kwashe dubbai aka mayar ƙasashensu, horo ya koma ta kwamfuta a ɗakin yaro, wa'azi ya koma ta bidiyo. Abin da aka yi shekaru ana ɗari-ɗari da shi, cuta ta tabbatar da shi cikin 'yan watanni.

Akwai sauyin da ya fi waya da wando girma, shi ne na launin fuskar da ke saman bajon. Tun zamanin shugaba Brigham Young, a 1852, cocin ya hana baƙar fata 'yan asalin Afirka matsayin firist, wanda saurayi ba ya zama Elda sai da shi. Duk da haka, tun shekarun 1950 da 1960 wasu mutane a kudancin Najeriya da Ghana suka sami littattafan cocin, suka kafa ƙungiyoyinsu, suka yi ta aika wasiƙu Salt Lake suna neman a turo musu malamai. An aiko LaMar Williams ya duba a 1961, amma da labarin wariyar ya bayyana gwamnatin Najeriya ta ƙi ba da bizar zama, shirin ya wargaje. Sai a watan Yunin 1978 Spencer W. Kimball ya sanar da ɗage haramcin. A Nuwamban shekarar wasu dattawa biyu da matansu, iyalan Mabey da Cannon, suka sauka Najeriya, suka yi wa wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, baftisma bayan ya shafe shekaru yana jira. A Ghana ma Joseph William Billy Johnson da jama'arsa suka shiga a Cape Coast. Gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da cocin a Yunin 1989, ta kori 'yan mishan na waje, ba a ɗage dokar ba sai ƙarshen 1990.

Yau ga haikali a Accra tun 2004, ga wani a Aba tun 2005, ga cibiyar horo da aka buɗe a Tema a 2002 aka mayar da ita Accra a 2017. Galibin matasan da ke yawo da bajo a Legas ko Fatakwal ko Kumasi 'yan Afirka ne. Kakanninsu ba su da damar wannan aiki, jikokin ne ke riƙe da shi. Rayuwarsu kuma ta sha bamban da ta ɗan Utah. Shi wancan yana barin mota da ɗaki nasa na kansa ya koyi wanki da hannu. Wannan kuwa wataƙila a mishan ya fara hawa jirgin sama, wataƙila kuma shi kaɗai ne ɗan cocin a gidansu, ya tafi ba da son iyaye ba, zai kuma dawo ya tarar da layin neman aiki yana jiransa. Doka ɗaya ce a kansu, amma nauyin ba ɗaya ba ne.

Tsofaffin 'yan mishan da yawa suna ganin an lalata yaran yanzu. A wurinsu kewar gida ita ce makarantar, wanda kuma ke hira da uwarsa duk Litinin ƙafarsa ɗaya tana gida. Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Yaron da ya koyi harshen wasu, ya ci abincinsu, ya iya sarrafa 'yan kuɗinsa, ya jure a rufe masa ƙofa sau ɗari ya ƙwanƙwasa ta gaba, ya sami abin da aji ba ya bayarwa, tafiya kuwa mabuɗin ilimi ce. Amma masu wannan magana su ne waɗanda suka kammala lafiya. Akwai waɗanda damuwa da ciwon zuciya suka kayar, aka mayar da su gida kafin lokaci, suka tarar da kallon da ya fi ciwon zafi: mutane na raɗe-raɗin ko wani laifi suka yi, 'yan mata na gudunsu, wasu har suka bar cocin gaba ɗaya. Da aka rage shekaru zuwa 18, yaro na fita daga sakandare kai tsaye zuwa wata nahiya, bai taɓa kwana wata guda nesa da gida ba. Cocin ya fito da littafin taimaka wa sababbi su saba, ya tanadi masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2018 kuma ya faɗaɗa tsarin da wanda lafiyarsa ba ta kai ba zai yi hidima yana kwana a gidansu. Ba a yin irin wannan gyara sai an ga ɓarna.

Shi ya sa ban ɗauki sassaucin nan a matsayin rauni ba. Ginshiƙan suna nan yadda suke: tashin sassafe, abokin da ba ka zaɓa ba, wata 24 ba albashi, da zuwa inda aka ce ka je. Abin da aka rage shi ne yanke zumunci, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ne sirrin tarbiyyar, sai ga shi an cire shi ginin bai rushe ba, dubban matasa na ci gaba da fita duk shekara. Mu da muka san al'adar tura yaro gabas neman karatu bai kamata wannan darasi ya wuce mu ba, ko da hanyarmu da ta Mormon ba ta haɗu a aƙida ba. Su da ke tura ɗan shekara 18, da kuɗin abincinsa a hannu, da likita, da babba mai lura da shi, sun gano cewa duk da haka yana bukatar jin muryar gida. Nesa tana gyara yaro ne in akwai mai bibiyar cinsa da kwanansa da lafiyarsa. Duk wanda zai tura ɗansa wata ƙasa ko wani gari, don addini ne ko don boko, ya fara tanadar masa waɗannan, ya kuma riƙa nemansa yana jin halin da yake ciki.